Agogon da ya koma baya

An cuce ni da ba a sa ni boko ina yarinya ba, kuma ban yafe ba. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Limawa, don in karanta wasiƙar ɗana da idona, ba wani ya karanta mini yana rage abin da ya ga dama ba.

Ɗan nawa ya haye sahara neman aiki. Imel yake aiko mini in ya samu hali. Malamarmu ta ba ni tsohuwar kwamfuta, wadda don tsufa ba ta nuna hoto, sai baƙin allo da fararen haruffa. Ta rubuta mini umarnin da zan riƙa bugawa don ɗauko saƙo a littafi, layi-layi, har da wanda ke kulle hanya kada wani ya leƙa saƙo kafin ya iso. Daga baya aka yi mata canjin wurin aiki.

Bayan damina na'urar ta ƙi. In na buga umarnin sai ta ce ba ta yarda da takardar shaidar wurin da saƙon ke fitowa ba. Wata huɗu ina zaginta. Duk wanda ya tambaye ni labarin yaro, sai in ce yana nan yana rubutu, wannan tsinanniyar ce ta tare ƙofa.

Na ɗora ta a keke napep zuwa Yalwawa wurin wani dattijo mai gyara.

"Hajiya, a goge layin kullen nan kawai, saƙo ya shigo."

"Kai ma cire ƙyauren ɗakinka, Malam, iska ta shigo."

Ya yi dariya, ya duba, ya ce agogonta ne. Ɗan batirin ciki ya mutu, duk ɗauke wuta sai ta koma shekarun baya, ta ga takardar yau ta ce ƙarya ce. Ya gyara kwanan wata. Na buga umarnin da kaina. Hanya ta buɗe, da kullenta da komai.

Babu sabon saƙo. Ko ɗaya.

"Sake bugawa, Hajiya."

Na sake har sau uku. Ashe wata huɗun nan na'urar rufa mini asiri take yi.

Washegari na ɗaura zane na hau motar Jahun, wurin uwar wani yaro da suka tafi tare da ɗana, in tambaye ta yaushe rabonta da jin nata.