Wurin Amsa

Tun safe tsohon nan ya zame wa mai gyaran waya ƙarfen ƙafa. Yana tsaye a bakin teburi, rigarsa ta sha guga, carbin rosari na leƙowa daga aljihu, tabarau ɗaure da zare. Daga gani katikis ne da ya tsufa yana koyar da yara a coci, yanzu jikoki sun buɗe masa shiri a intanet.

Darasin da ya ɗauka a wayarsa ya yi nauyi, ya ƙi hawa intanet. Mai gyara ya kunna. Muryar tsohon ta tambaya, "Wa ya halicce ka?" Sai shiru, kusan minti guda. Wata tambayar, wani shirun. Rabin shirin shiru ne, ga mutum biyar a layi suna ta tsaki.

"Baba, don Allah bari in yanke wuraren nan mu huta. Ba komai a ciki."

Tsohon ya dafe wayar kamar za a ƙwace masa ɗa.

"Kai ne ba ka jin komai, ɗana. In ka yanke, a ina za su amsa?"