Layin Da Ka Shigo Da Shi Har Ɗakin Baba

Yaya, bari in fara da abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da ka rasu wayata ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Gidan nan kowa kuka yake da waifai, masu zuwa gaisuwa na ɗaga waya sama suna tsaki, ni kuwa da na taɓa tawa sai ta buɗe. Na san dalili, na kuma yi shiru. Wani lokacin har taya su tsakin nake.

Ranar Talata, tara ga watan nan, bayan la'asar, Allah ya karɓi abinsa. Nasa muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Zazzaɓi ne wanda ka ce na gajiya ne, ka sha magani ka koma kan kwamfutarka. Shekara da shekaru idon gidan nan yana kan zuciyar Baba, ita muke tsaro. Babu wanda ya waiwayo ya dube ka. Na gaji, Yaya. Na gaji da amsa gaisuwa, na gaji da wanke kofuna, na gaji da jin ana cewa kai yaron kirki ne, daga bakin mutanen da ba su san ma aikin me kake yi ba.

Ni na sani, duk da ba don aikin nake zama a ɗakinka ba. Mama ta ɗauka kwamfuta nake koyo. Gaskiyar ita ce nan ne kaɗai ba a aike na, sai in naɗe a tsohuwar kujerar nan mai ɓallallen hannu in karanta littattafan soyayya a waya. Kai kana gaban tebur, wayoyi sun harɗe ƙafafunka, shayinka ya huce ya yi fata. Ba ka taɓa tona ni ba. Sai dai idan Mama ta leƙo ka ce, "Malama Shiru na kan darasi, a bar ta."

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ka wannan baƙin akwatin mai ƙahonni da ke ɗakinka na mene ne. Ka juyo da kujera kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ka ce sabis ɗin waya kamar babban titi ne, kuma kamfanoni sun iya yanka shi layi-layi, a ware wa na'urorin asibiti nasu, yadda duk cunkoson masu kallon bidiyo ba zai tare su ba. Amma wannan gatan a waje yake. Da zarar na'ura ta shigo gida ta hau waifai, layin ya ƙare, ta faɗa cikin turereniya da kowa. Aikinku a ofis shi ne ku ja layin nan ya tsallake ƙofa.

Da ka ga na yi zuru, sai ka ce, "To bari in miki da yarenki. Saurayin ya rako ta har bakin gida sai ya juya. Ni so nake ya shiga ya gaida iyayenta."

Na rufe fuska da mayafi. Ashe ka san abin da nake karantawa tun tuni.

Ba don ofis kaɗai ka kawo akwatin gwajin gida ba. Baba yana da na'urar nan da ke manne a ƙirjinsa, mai aika bugun zuciyarsa asibiti. Ɗakinsa can ciki ne, bango mai kauri, sabis ba ya shiga, dole sai ta waifai. A da, da Auta da abokansa sun kunna ƙwallo, sai nas ta bugo ta ce sun daina ganin Baba. Mama ta fito da ludayi tana korar yara, Baba kuma ya ji kunya ya ce a bar su su yi kallonsu, shi lafiyarsa ƙalau. Kai ka gane Baba ya fi son ya yi kasada da ya zama mai hana yara dariya. Sai ka yanka masa layinsa shi kaɗai. Na tuna yammacin da falo ya cika ana ihun an ci, wayar Mama ta yi ƙara, nas ta ce a kawo shi yanzu-yanzu, bugun ya sauya. Baba yana barci a lokacin, bai san komai ba. Ka ɗauke shi a baya har mota, takalminka ƙafa ɗaya. Da ya dawo gida ba ka ce wa kowa aikinka ne ba. Ka ce dai Allah ya kyauta, ka nemi shayi.

Nawa layin kuwa ban san da shi ba sai da ba ka nan. Akwai ranar da shafi ya maƙale mini daidai inda jarumin ya buɗe baki zai faɗi abin da ke ransa. Tsaki kawai na yi, ɗan ƙarami. Ka miƙo hannu ba tare da ka juyo ba, ka ce in ba ka wayar ka duba wani abu. Shi ke nan. Sai a makon nan, da gida ya cika, na ajiye wayata kusa da ta Auta, tasa tana juyi tawa tana gudu, na gane. Mutum ya ji tsakin ƙanwarsa ya yi mata titi. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ofishinku sun aiko cewa yau za a zo a kwashe kayan gwaji. Mama ta ce gara haka, ba ta iya kallon koriyar fitilar nan tana ƙyaftawa a ɗakinka kamar kana ciki. Ba ta san layin Baba a cikin akwatin yake ba. Baba ya sani, amma ka san shi, ba zai roƙi kowa ba. Jiya na tsaya bayan Mama a kicin, na ce "Mama," ta ce "Mene ne?" na ce ko in ɗora ruwa.

Wadda za ta zo ita ce abokiyar aikinka, Anti mai tabarau, wadda ke cin gyaranka kana dariya. Kada ka yi fushi, na daɗe da aurar da ku a cikin kaina, har na zaɓa muku labule. Ban san ko akwai wani abu ba. Na dai ga ranar gaisuwa ta tsaya a ƙofar ɗakinka ta kasa shiga.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya yafe maka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi. Yadda ka buɗe wa mai rauni hanya a cikin cunkoso, Allah ya buɗe maka taka ranar da kowa ke ta kansa. Ina yi wa Baba da Mama ta'aziyya, da Auta da har yanzu yake ajiye maka wuri a gaban talabijin, da abokan aikinka. Allah ya ba mu haƙurin da ni dai ban same shi ba tukuna.

Da niyyata in ninke takardar nan in sa a aljihun jakarka. Amma kai ba ka bukatarta, ka riga ka san komai. Ga sallamar Anti can a tsakar gida. Bakina ba zai iya ba, hannuna zai iya, ita zan miƙa wa.

Anti, idan kin karanto har nan, don Allah a bar akwatin. In kuma dole sai an rage wani abu, a ɗauke nawa layin. Zan iya jiran shafi ya buɗe. Zuciyar Baba ce ba ta iya jira.