Ma'azu da Ya Saɓa Alƙalin Wasa a Kafaɗa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kore Mairuwa ya ga ƙanena Ma'azu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin ƙirji da ke sauke buhunan hatsi daga manyan motoci yana waƙa, wanda in ya yi dariya har jakai sukan waiwayo. Ni ce Zalika, yayarsa. Ni na goya shi, kuma har yau bayana yana ba da labari.

Allah ya ba Ma'azu ƙarfi, haƙurin kuwa aka ba ni. Mahaifinmu makaɗin 'yan kokowa ne, saboda haka yaron ya tashi yana jin ganga kafin ya san sallama. Da ya zama saurayi ya yi kokowa a ƙauyuka har da Dogondutsi, ya ka da na kayarwa, aka ka da shi sau ɗaya, ya yi wata guda bai yi wa kowa magana ba. Daga nan ya bi samari cin rani zuwa Kwatano. Wasu suka dawo da rediyo, wasu da mashin. Nawa ƙanen ya dawo da ƙwallo a hammata da takalma masu ƙusa a ƙasa. Innarmu ta jujjuya takalman, ta ce ko na sussukar hatsi ne.

A lokacin ne Sabo mai faci, wanda rumfarsa ke bakin kwalta, ya kafa ƙungiyar Zakarun Dallol. Suna da 'yan wasa, suna da riguna ja da wani ɗan kasuwa ya ba su, amma ba su da wurin buga ƙwallo. Sai Inna Ajuma, wata tsohuwa mai gona a bayan gari, ta ara musu gonarta. Ta kafa musu sharaɗi ɗaya tak.

"Na ba ku don mutane su taru," in ji ta. "Ran da mutane sunka bar taruwa, gujiya ta taru."

Gyaɗa take nufi, kuma duk wanda ya san Inna Ajuma ya san ba ta magana biyu. Ma'azu ne ya tumɓuke kututturan sabarar da ke gonar nan da hannunsa, ya cike ramuka, ya kafa itatuwan raga. Ya daina zuwa cin rani saboda filin nan. Matarsa Hidaya takan ce ita ce uwargida, filin ne amarya, kuma ta haƙura tunda amaryar ba ta cin tuwo.

Kada in yi muku ƙarya, Ma'azu bai iya ƙwallo irin ta talabijin ba. Ba ya yanka, ba ya kwana. Amma in ya taso da gudu, masu tsaron baya sukan tuna suna da iyali. Da haka yake cin ƙwallaye, da kai, da ƙirji, wani lokaci da gwiwa. Da shi Zakarun Dallol suka hau rukuni na sama a gasar yankinmu, inda ake zuwa kallo daga Tibiri da Dumega a kan mashin da amalanke.

To, ga inda gizo ya yi saƙar. Mu Arawa ne, kuma tsakaninmu da Fulani akwai wasan taubasai tun kaka da kakanni. Bafillace ya shigo gidanmu ya ce mana bayinsa maciya wake, mu ce masa ramamme mai bin wutsiyar saniya, a yi dariya a sha fura. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Ma'azu ya fi kowa son wannan wasa. In ya hango Bafillace a kasuwa, ko buhu yake ɗauke da shi sai ya tsaya.

A farkon ranin bana aka turo wani sabon alƙalin wasa, Malam Abdulhakim, malamin makaranta daga Dumega, dogo siriri, Bafillace tun daga hanci har ƙafa. Ana cikin wasa Ma'azu ya ci ƙwallo, Malam ya busa ya ce ya yi satar gida. Ma'azu ya dube shi sama da ƙasa, ya fashe da dariya. Kafin kowa ya farga ya sunkuce shi, ya saɓa a kafaɗa kamar buhun gero, ya fita da shi daga fili yana tafe yana rangaji, ya dire shi a gindin gawo.

"Tahi ka yi kiwo, Bahillace!" in ji shi. "Mi kas sani ga balo?"

Fili ya kece da dariya, har da ni, ba zan ɓoye ba. Malam Abdulhakim ya kakkaɓe wandonsa, ya dawo tsakiyar fili a natse, ya zaro jan kati ya ɗaga. Wani ya ɗauki abin a waya, kafin magariba hoton ya zagaye Arewa. Kwamitin gasa ya zauna, ya dakatar da Ma'azu har wasan ƙarshe na shekara.

Ya zo gidana da yamma ya zauna a kan turmi, idonsa ja. Dakatarwar ba ta dame shi kamar katin ba.

"Yaya, mi na yi? Taubashina na fa! Ina anka taɓa ganin taubashi ya hukunta taubashi?"

Na ce masa, "In shina da usur ga baki, arbitir na, alƙalin wasa, ba taubashi ba." Bai yarda ba. Ya ji ciwo ƙwarai, irin ciwon wanda ya miƙa hannu aka bar shi da shi a miƙe. Tun daga ranar ya daina tsokanar Fulani a kasuwa, har masu sayar da nono suka riƙa tambayata ko ba shi da lafiya.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ya jawo wa Kore Mairuwa abin kunya, hali zanen dutse ne, ɗan kokowa ba ya zama ɗan ƙwallo. Wasu suka ce in ba Ma'azu, Zakaru kaji ne. Abin haushi, duka ɓangarorin suna da gaskiya. Ƙungiya ta shiga shan kashi, a gida a sha, a waje a sha. 'Yan kallo suka ragu, har ya zama awakin Inna Ajuma sun fi mutane yawa a bakin fili. Ita kuwa tsohuwar ta fito da irin gyaɗarta ta zauna a ƙofar gida tana ɓarewa a faifai, inda duk mai wucewa zai gani.

Lissafin ya tsaya a wuri ɗaya. In Zakaru suka ci wasan ƙarshe, sun tsira. In ba su ci ba, sun faɗa rukuni na ƙasa inda ba mai zuwa kallo, kuma ruwan farko na sauka za a shuka gyaɗa a tsakiyar fili. Ma'azu ya san duk garin zai ce shi ya jawo. Ya rame, abin da ban taɓa gani ba.

Sabo mai faci ya zo ya same ni ina tsame wake. Ya ce kowa ya san abokan karawarsu, Guguwar Fadama, za su tsokani Ma'azu don ya yi kaye a kore shi. Yana so a koya masa haƙuri, amma 'yan ƙungiya suna tsoron zaginsa.

"Ke ɗai ka iya, Zalika," in ji shi. "Ke ɗai ba ya iya ɗauka."

Abin nema ya samu. Kowace yamma bayan la'asar sai in yafa mayafi in je bakin fili in buɗe baki. Na tuna masa ranar da aka ka da shi a Dogondutsi. Na tuna masa shekarar da ɗan akuya ya kore shi har cikin rumbu. Na ce gudunsa irin na agwagwa ne. Sabo yana tsaye yana cewa, "Numfasa, Ma'azu, numfasa!" Ni dai ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. A hankali ya koyi haɗa hannuwa a baya yana cizon leɓe, Hidaya kuma ta ce ko a gida an samu sauƙi.

Ranar wasa garin ya cika. Hadari ya haɗu a gabas, iska tana kawo ƙanshin ruwa daga nesa. Inna Ajuma ta sa aka kawo mata kujera bakin fili, ta zauna da ƙwaryar irinta a cinya. Da 'yan wasa suka fito, sai muka ga wanda ke gaba da usur a wuya. Malam Abdulhakim ne. Sabo ya dafe kai. Ma'azu ya wuce Malam bai ko dube shi ba, kuma wannan ya fi zagi a wurin taubashi.

Guguwar Fadama suka sa wani ƙato mai suna Hisham ya manne wa Ma'azu. Ya taka shi, ya ja masa riga, ya raɗa masa maganganu a kunne. Ma'azu ya haɗa hannuwa a baya. Aka ci mu ɗaya, muka rama, aka tafi hutu aka dawo. Rana ta yi ƙasa, hadari ya matso, kunnen doki kuwa ba ya fisshe mu.

Saura kaɗan a tashi, Ma'azu ya taso da ƙwallo, Hisham ya zo ta baya ya kwashe masa ƙafafu. Ya faɗi ya ci ƙasa. Da ya miƙe, na ga idonsa, na san duk aikina ya tashi a banza. Ya cafki Hisham a ƙugu, ya sa masa ƙafa irin ta kokowa, ya ɗaga shi har takalmansa suka bar ƙasa. Na rufe ido da mayafi, amma na bar kafa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya sake shi ƙasa, ƙanena ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba.

Malam Abdulhakim ya iso da gudu. Bai busa usur ba. Ya tofar da shi daga baki, ya tsaya gaban Ma'azu ya riƙe ƙugu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai Ba'are, bawan kakana! Aje kayan mutane! Wa ya aike ka dako? Wake ya yi maka yawa, shi ya sa ka rasa inda za ka kai ƙarhi?"

Ma'azu ya tsaya da mutum a sama. Bakinsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Dariyar nan tasa ta ɓalle, ya dire Hisham a kan ƙafafunsa a hankali, har da kakkaɓe masa riga.

"Ramamme," in ji shi, hawaye a idonsa. "Ashe kana da baki."

"Ina da kati kuma," in ji Malam. Ya mayar da usur, ya busa, ya ɗaga wa Hisham katin gargaɗi, ya ɗaga wa Ma'azu shi ma, sannan ya ba mu bugun tazara. 'Yan Guguwa suka yi ta ƙorafi, amma nasu ne ya fara, kuma ba wanda bayansa ya taɓa ƙasa.

Aka ɗago ƙwallo sama. Ban ga yadda aka yi ba, ƙura ta tashi, mutane sun cure a bakin raga. Da ta lafa sai ga ƙwallo a ciki, ga Ma'azu a ciki, ga mai tsaron gida ma a ciki. Sabo ya ce da kai ya ci, Hidaya ta ce da ciki. Ni dai na yi guɗa har muryata ta dushe.

Da aka busa tashi, Malam Abdulhakim ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa mataimakinsa, ya zaro katunan ya ba shi su ma. Ya taka har gaban Ma'azu ya buɗe hannuwa.

"To, yanzu ba arbitir. Ɗauki ubangidanka, na gaji da tahiya."

Ma'azu ya saɓa shi a kafaɗa ya zagaya fili da shi, Malam yana ɗaga wa jama'a hannu yana cewa a duba masa jakinsa. A lokacin ne yayyafi ya fara sauka.

Na waiwaya wurin Inna Ajuma. Ta daɗe tana duban taron, ta dubi sama, ta dubi ƙwaryar da ke cinyarta. Sai ta miƙo mini ita.

"Amshi, Zalika. Tahi ki soye ta, ki sa gishiri da yawa. Mutanen ga sun yi ihu, suna jin yunwa."