Bargon Pusat da Sharar Jiratawa

Tun cikin bai tsufa ba likita ya gaya mani da aiki za a ciro abin da ke cikina, kuma in an yi, ba ni ba goyo sai ɗinkin ya warke sarai. Maigidana yana sarin kaya daga Kwatano, sai ya taho mani da pusat, keken nan na tura jarirai. Maƙwabta suka sha dariya, don daga ƙofar gidanmu a Sabon Gari zuwa bakin gudron, wato kwalta, rairayi ne zalla, sai an ɗauki keken an kai shi titi kafin shi ya ɗauki kowa. Ban kula su ba. Abin da ya dame ni daban ne.

Inna ta rasu ba ta ga jikarta ba. Shekaru ta yi tana jira, tana ajiye da wani zanen saƙi baƙi wanda ta goya ni da shi, tana cewa da shi za ta goya abin da na haifa. Da aka raba kayanta ban nemi kwano ko ɗan kunne ba, zanen nan kaɗai na ɗauka. To ga shi an hana ni goyo. Na kwana biyu ina tunani, sannan na jawo keken ɗinkina na ce in ba a goya ɗiyata da zanen Inna ba, to za ta kwanta cikinshi.

Bargo na ɗinka, a ɓoye, don ba a baza kayan jariri tun bai zo ba. Bayanshi yadi ne mai laushi ruwan ƙwai, cikinshi kuwa, wajen da zai taɓa jiki, saƙin Inna ne. Na sa igiya a kowace kusurwa don a ɗaure shi jikin pusat iska ba ta yaye ba. Na yi mashi leɓe da ake ɗagawa ya zama inuwa, na haɗa raga ta sauro da ƙuda wadda ake naɗewa cikin aljihu. In an kwance shi ya zama shimfiɗa. In na je awo na yafa shi in ba da nono ba mai kallona. In na warke kuma, a ninka shi biyu ya zama majanyi. Ba yabon kai ba, ban taɓa ɗinka abin da ya kai shi ba.

Ranar suna aka sa wa ɗiyata sunan Inna. Mata suka cika ɗaki, bargon yana yawo hannu zuwa hannu, wannan ta ja igiya, waccan ta buɗe raga tana salati. Ana haka taubashiyata ta shigo, da ɗaurin zogale a ka da bakinta da ba ya rufuwa.

Ɗiyar Kawu ce, yayan Inna da ke Tibiri, tana aure a Jiratawa. Ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace, saboda haka a wasanmu na taubasai ita ce uwargijiya ni ce baiwa. Taubashi ya zage ka cikin mutane, ya ƙwace maka hula tsakiyar kasuwa, dariya za ka yi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma dangi ba su mancewa. Ba a kuma kai ƙarar taubashi wurin iyaye, abin kunya ne.

Ta warce bargon daga hannun wata ta ɗaga shi sama. Ta ce, "Iye! Yaushe baiwa ta fara rufe ɗiyarta da abin da uwargijiya ba ta da shi? Kayan baiwa ai na mai ita ne." Ta cusa shi cikin mayafi. Ɗaki ya kwashe da dariya, ni ma na yi, don an saba. A miƙa goro a fanshi kaya, kafin la'asar an maido.

La'asar ta yi, na ga tana saɓa mayafi. Na lallaɓa ina dafa bango, ɗinki na ja na, na same ta a zaure. Na yi ƙasa da murya na ce, "Ke, bar wasa. Zanen Inna ne a ciki."

Ta ce, "Na gani mana. Zanen gwaggona ne, gidanmu ya fito, gidanmu zai koma."

Ta haye kabu-kabu tana ɗaga mani hannu. Wannan maganar ita ce ban yafe ba. Da ba ta sani ba da sauƙi. Ta sani.

Na kira ta a waya ba sau ɗaya ba. Kullum dariya: "Baiwa ta yi kewar bargo? Zo ki yi mani wanki in duba lamarinki." Na gaya wa maigidana, ya ce wasan danginmu ne, shi ba ya shiga. Haka na riƙa tura ɗiyata zuwa awo da tawul a kanta, in babbar mota ta wuce iska ta ɗauke shi in bi shi da gudu bakin titi, ƙuda na sauka bisa idonta. Duk ƙudan da na kora sai na tsine wa matar nan a zuciya. Ina shayarwa ina ƙulla abin da zan yi mata, har uwar mijina ta ce in rage ɗaure fuska kada nonona ya yi ɗaci.

Abin da nake jira watan cika-ciki ne. A watan nan ɗiyan mace ke ɗaukar tsintsiya su je gidan ɗiyan namiji shara, kuma abin da baiwa ta share nata ne sai an fansa. Da can ban taɓa damuwa da zuwa ba. A shekarar na sayi sabuwar tsintsiya, na bar yarinya wurin kakarta, na hau kabu-kabu sai Jiratawa.

Tun kafin in kai gidan na fara ganin bargona. Mun bi ta gefen lambun mijinta, sai ga yadin nan ruwan ƙwai an lulluɓe injin ban ruwa da shi, ya yi baƙi ƙirin da mai, igiyoyina guda huɗu an ɗaure su jikin ƙarfe. Na ce wa mai kabu-kabu ya tsaya. Na ɗaga yadin. Babu saƙi a ciki, an farke shi. Na shiga gidan, ga ragata a tsakar gida an kife ƴan tsaki da ita saboda shirwa. Duk da haka na yi sallama da fara'a, matan gidan suka fito suna guɗa wai baiwa ta zo aiki.

Ita ba ta nan, ta je ɗebo ganye. Ina tsaye ta shigo da kwandon zogale a ka. Na ce bari baiwa ta sauke wa uwargijiya. Na kama kwandon muka sauke, gammo ya faɗo ƙasa tsakaninmu. Baƙi ne, an murɗe shi tam, ya sha gumi da man kitso. Ban buƙaci warware shi ba.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Wallahi saƙin da ya fi kowane tsumma daɗin gammo. Ba ya zamewa. Ya yi mani yawa ma, sai da na rage shi."

Ban san inda na samo dariyar da na yi ba. Na sunkuya na ɗauke gammon na soke shi a ƙugu, na ce to bari in fara aikina. Na shiga ɗakinta da tsintsiya, mata na biye da ni suna tafi. Na share gaban gado, na share bayan ƙofa. Sannan na durƙusa na jawo akwatinta na ƙarƙashin gado.

Duk dangi sun san abin da ke ciki, don ta ishe mu da labarinshi. Shadda ce galila, rinin Bamako, shuɗiya mai ƙyalli, ko ninkinta ba a warware ba. Ta tanade ta ne don bikin autan Kawu da za a yi a Tibiri, ita ce babbar ya, ita za ta tsaya kan komai. Na ɗauko na kakkaɓe na sa a hammata.

Na ce, "Kai, datti har cikin akwati! Allah ya sa na zo."

Mata suka fashe da shewa. Ita ma ta yi dariya, amma idonta na kan shaddar. Ta ce a kamo mani zakara. Na ce ba na cin zakara. Ta ce to buhun albasa. Na ce albasa na sa ni hawaye. Ta biyo ni har ƙofar gida ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ke, bar wasa, ta biki ce." Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Na sani mana."

Ranar da na sa almakashi cikin shaddar nan, wallahi har wani sanyi na ji a ƙirji. Ƙarar yankanta ma daɗi gare ta. Na ɗinka sabon bargo sak irin na farko, da igiyoyinshi da leɓe da aljihun raga, abin da ya saura na yi wa yarinya ƙyallayen tsuguno da shi. Gammon kuwa na ƙi wankewa, na ƙi warwarewa. Na ajiye shi yadda yake, duk lokacin da zuciyata ta fara sanyi in ɗauko in duba. Niyyata sai na gama da ita sannan in wanke abin da ya rage, in ninke in sa wa ɗiyata ƙarƙashin kai.

Ranar biki muka ɗora pusat a mota zuwa Tibiri, gammon na cikin kwandon ƙasan keken. Na jira tsakar gidan Kawu ta cika maƙil, sannan na turo ɗiyata ciki, shadda na walƙiya a rana. Taubashiyata na tsaye kan tukwane da wata tsohuwar atamfa da kowa ya san ta da ita. Matan Jiratawa suka fara ganewa, suka dafe baki, magana ta zagaye gida kafin in kai inuwa. Na kwance bargon na shimfiɗa a ƙasa, na cire wa yarinya ƙyalle na kwantar da ita. Allah ya yi wa ɗiyar nan albarka, ba ta ba ni kunya ba. Nan take ta jiƙa shi sharkaf.

Na ɗaga murya na ce, "Uwargijiya, zo ki ga baiwar baiwarki ta sa maki albarka a shadda!"

Ta zo. Ta tsaya ta dubi bargon, idonta ya kaɗa ya yi ja. Na ce yau za ta fashe, yau dangi za su ga wadda ta faɗi. Ina! Matar nan ta haɗiye, ta tafa hannu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "An yi mani! Amma ku duba cinikin baiwa, jama'a. Tsumman gammo ta fansa da galila." Aka yi dariya, aka koma kan tukwane. Tsumma. A gaban mutane ta kira zanen Inna tsumma, kuma ta fita da mutuncinta. Na zauna, kamar na ci tuwo ban ƙoshi ba.

Can aka ce Kawu na kira a kai mashi jaririya. Yana zaune a zaurenshi bisa buzu, ya tsufa ƙwarai, idonshi ya yi hazo, da hannu yake gane mutane. Taubashiyata na durƙushe gefenshi tana zuba mashi fura. Na gaishe shi na miƙa yarinya. Ya shafa kanta ya ce, "Ƙanwata, kin dawo?" Sannan ya lalubi bargon da na naɗo ta ciki, ya murza shi da yatsu.

Ya ce, "An ce mani kin yi mata bargo da zanen uwarki. Wannan ba shi ba ne. Ina shi, in taɓa?"

Taubashiyata ta ɗago ta dube ni. Tunda nake da ita ban taɓa ganin roƙo a idonta ba sai ranar. Na san ba a kai wasa gaban iyaye. Da na ce yana gida, da shi ke nan. Na miƙa hannu ƙasan pusat na ɗauko gammon na sa a tafin Kawu.

Na ce, "Ga shi, Kawu. Gammo ɗiyarka ta yi da shi."

Ya daɗe yana warware shi, don ya ƙage da datti. Abin da ya rage bai fi ɗankwali ba, gefenshi duk zare. Ya bi shi da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, ya kai hanci, ya sauke. Ya ce uwarsu ce ta kaɗa zaren da hannunta, shi aka aika ya kai wa masaƙi, shi ya kai marina, kuma shi ya ɗauke shi a ka ranar da aka kai Inna ɗakin miji a Maraɗi. Bai yi faɗa ba. Bai ko juya wajen ɗiyarshi ba, ya dai ture kwanon furar gefe ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ta fita tana kuka irin na yara, da majina da komai. Ba zan ɓoye ba, kukan nan ya yi mani daɗi, kuma ko yau na tuna shi yana mani daɗi.

Na miƙa hannu in karɓi zanena. Kawu bai ga hannun ba. Ya ninke ƙyallen a hankali, ya ninka kuma, ya ɗaga babbar rigarshi ya sa a aljihun ƙirji ya dafe da tafi.

Ya ce, "Ku yara ba ku san abin riƙewa ba. Wannan ya zauna wurina. In na mutu a sa mani shi cikin likkafani."

Na ce, "To, Kawu."

Ya miƙo mani yarinya. Na naɗe ta cikin shaddar, da sauran danshinta, na kwantar da ita a pusat na ɗaure igiyoyin.