Na Ce Babu Komai a Ciki, Aka Goge Min Hotunan Ɗana

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ni malamar firamare ce a Roni, matar aure mai ɗa ɗaya, mai ji da kanta a kan tarbiyya. Iyayena Fulani ne da suka zauna a wani ƙauye ta wajen Gwiwa suna noma da kiwo, kuma a gidanmu kunya ba abin wasa ba ce. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na yi wa nawa ɗan, har malamai 'yan uwana suna tsokanata wai ko aronsa aka ba ni. Ni kuwa daɗi nake ji a ce ina da kunya, musamman daga bakin surukata da muke gida ɗaya.

Amma idan na shiga ɗaki na sakaya ƙofa, wata mace ce daban. Hoto da bidiyo nake ɗaukarsa kamar wadda aka ba kwangila, tun daga rarrafe har ranar da ya riƙe jelar ɗan akuya yana ihu. Wayata ba ta da wuri da yawa, don haka da ta cika sai in juye a kwamfutar da na saya saboda ƙaro karatu, in goge na wayar. Wata rana ƙanwar mijina ta ari kwamfutar za ta kalli fim, ta ci karo da su, ta yi ta dariya tana cewa ashe Fulanin ma sun iya so. Raina ya ɓaci ƙwarai. A fusace na canza kalmar sirrin kwamfutar, na cakuɗa haruffa da lambobi yadda ba mai iya cankowa, kuma ban rubuta a ko'ina ba.

Ba a jima ba damina ta kankama, zazzaɓi ya kama yaron. Muka kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya, Allah Ya karɓi abinsa bai cika shekara uku ba. A zaman makoki ban yi kuka a gaban kowa ba, aka yi ta yaba haƙurina, ni kaɗai na san yadda cikina ke ƙuna. Kwamfutar kuwa na tura ta ƙasan akwati, ko kallonta ba na iya yi. Sai bayan an gama girbi na ji ina so in ga fuskarsa. Na kunna, ta nemi kalmar sirri, na zauna ina kallon allon kamar baƙuwa. Na gwada duk abin da ya zo kaina, ta ƙi. Kullum na dawo daga makaranta sai na gwada.

Mijina yana Babura wajen harkar hatsi, ya ce ta waya in kai ta Kazaure, akwai mai gyara a kusa da tasha. Aka yi dace surukata za ta je ganin likitan ido, muka hau mota tare. Na so in fara kai ta asibiti, ta ce a'a, mu fara biyawa ta shagon tunda ga shi a hanya. Ta samu benci ta zauna dab da ni. Mai gyaran, wani magidanci mai fara'a, ya duba ya ce hanya biyu ce: idan akwai abu mai muhimmanci a ciki sai in bar masa ita ya kwashe kayan tukuna, idan babu kuwa fomatin zai yi mata, wato ya goge ta tas ta dawo sabuwa. Ya tambaye ni mene ne a ciki. Na buɗe baki, na ji idon tsohuwa a kaina. Ta yaya zan ce hotunan ɗana ne a gaban uwar mijina? Na ce takardun makaranta ne kawai. Bawan Allah ya sake tambaya ko na tabbata, na ce babu komai.

A raina na tsara cewa da na ajiye ta a layin likita zan dawo da gudu in gaya masa gaskiya. Layin ya yi tsawo, ita kuma ba ta gani sosai, sai da na riƙe hannunta har aka kira ta. Ina fita na tare ɗan acaba. Na isa shagon ina haki, mai gyaran ya tare ni da murna wai har ya gama, ga ta tana buɗewa ba tambayar komai. Na durƙushe a ƙasa. Da na gaya masa gaskiya, fara'arsa ta ɗauke, ya yi ta salati yana cewa ai sau biyu ya tambaye ni. Ya riƙe kwamfutar ya gwada dabarun da ya sani, daga baya har Kano aka kai ta, ba a samo komai ba sai wasu gutsattsarin hotuna da ba sa buɗewa.

Abin da ya fi ci min rai ya faru ne a mota muna komawa a ranar. Surukata ta matso, ta rage murya, ta ce tunda an buɗe, idan mun isa gida in nuna mata angonta, haka take kiran jikan nata. Ta ce 'yarta ta daɗe da gaya mata yana ciki, ta yi shiru ne don kada ta tayar min da ciwo, kuma abin da ya sa ta nace a fara biyawa shagon ke nan. Ita a ganinta kamar akwati ne da makulli ya ɓata, a fasa kwaɗo a tarar da kaya. A nan, cikin fasinjoji, na fashe da kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da ta gane an goge su, ta riƙe hannuna har Roni.

Ban ce a bar kunya ba, ita ta raine ni. Amma na gane akwai wurin da shiru yake zama ɓarna, kuma ni na fifita a yabe ni a kan abin da ba ni da madadinsa. Ina roƙon masu karatu, kada ku canza kalmar sirri cikin fushi, ku rubuta ku ba wanda kuka yarda da shi. Abin da kuke so kada ya zauna wuri ɗaya, ku juye a filash ko wata waya. Idan mai gyara ya tambaye ku me ke ciki, ku faɗa masa gaskiya ko waye a zaune.

Yanzu ni da tsohuwa mukan zauna da yamma muna tuno kamanninsa. Kwanan baya muka yi gardama a kan wani ɗan tabo da ke goshinsa, ta ce dama ne, na ce hagu. Ni na haife shi, kuma wallahi ban tabbata ba.