Dokin da Na Cire wa Takalmi

Shekara goma sha tara na yi ina buga wa dawaki takalmin ƙarfe a wani kulob na masu hawan doki da ke bayan Cadjèhoun, kusa da filin jirgi. Ƙira gadon gidanmu ce a Zongo, amma mahaifina wuƙaƙe da fartanyu yake yi. Ni ne na karkata wajen dawaki, saboda wani tsohon Bature da ya ga hannuna ya koya mini. Dawakin kulob ɗin na tsalle ne. Ana jera sanduna a fili, mahayi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda dokinsa bai kayar da ko ɗaya ba shi ne gwani. A sanina na lokacin, doki ba ya yin wannan aiki sai da ƙarfe a ƙafa, kuma da wani ya ce mini ba haka ba ne, da dariya zan yi masa.

Sai aka shiga shekarun da ƙasa ta sauya, aka koma zaɓe da jam'iyyu. Manyan da ke riƙe da kulob ɗin suka watse, sabbin mutane suka karɓa, suka zo da nasu maƙerin daga Lome, saurayi mai takardar shaida. Sabon patron, wato shugaban kulob ɗin, ya kira ni buro, ofishinsa, ya yi mini godiya da Faransanci mai laushi, ya ce aikina ya ƙare. Har na kai ƙofa sai ya ce akwai wani doki bidi a ƙarshen barga, wanda ya yi wata huɗu yana ɗingishi, ba sa son ci gaba da ciyar da shi. In ina so in tafi da shi.

Na san dokin. Ni nake buga masa takalmi tun yana ɗan shekara huɗu. Kofatonsa na gaba duk sun tsattsage, ƙusa ba ta zama sai na nemi sabon wuri, kuma wuraren sun kusa ƙarewa. Na ja shi da ragama muka tako har Zongo, yana tsayawa yana hutawa, ni ma ina tsayawa.

A lokacin ni kaɗai ne a gida. Matata ta rasu shekara biyu kafin nan, 'yarmu ɗaya tana aure a Djougou. Na kafa masa turke a bayan gida, inda maƙerar mahaifina take a da. Abokan da muke zama da su a ƙofar masallaci bayan la'asar duk sun sami abin yi. Wasu sun sayi babur sun shiga zemijan, wato acaɓa, wasu kullum suna taron jam'iyya, sun dawo da hula da riga mai hoton ɗan takara. In na zauna cikinsu hirar ƙuri'a ake yi, ni kuwa abin da ke raina shi ne ƙafar doki. Sannu a hankali na daina zama. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya zo ya tambayi dalili.

Akwai wani dattijo mai fataucin shanu daga arewa da yake sauka a zaurenmu tun zamanin mahaifina, sau ɗaya a shekara. Baba nake ce masa. Da ya zo a wannan karon ya ji haniniya a bayan gida, ko ruwa bai sha ba ya zagaya. Ya daɗe yana kallon dokin, sannan ya sunkuya ya ɗaga ƙafarsa ta dama, ya danna tsakiyar kofaton da babban yatsa.

Ya ce, "Wa ya yi masa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Aikina ke nan."

"To, cire masa."

Na yi masa bayani kamar yadda aka koya mini. Na ce dokin tsalle da ƙafafun gaba yake dira, nauyinsa da na mahayi duk a kansu suke sauka, in babu ƙarfe kofaton zai fashe. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ni ban san tsallenku na sanduna ba. Amma a wajenmu doki yana tsallake kwazazzabo da mutum a bayansa, kuma ban taɓa ganin wanda aka buga wa ƙusa ba. Wannan ƙafar ta matse. Dubi dunduniyar, kamar an ɗaure ta da igiya. Ka bar ta ta sha iska."

"In ya ƙara lalacewa fa?"

"Yanzu ɗin a gyare yake?"

Raina ya ɓaci, domin abin da yake faɗa a fakaice shi ne hannuna ne ya nakasa dokin. Kwana uku ina kewaye maganar. A rana ta huɗu da safe na ɗauko awartaki na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, na goge bakin kofaton da magagari. Baba yana zaune a kan turmi yana kallo har na gama. Ya ce in riƙa kai shi yashi, in bar shi ya tsaya a ruwan teku, kada in yi gaggawa. Washegari ya sayar da sauran shanunsa ya koma arewa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya. Dokin ya koma taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya. In ya taka ɗan tsakuwa sai ya ɗage ƙafa ya tsaya yana rawar jiki. Sau biyu ina hura wuta da niyyar mayar masa da takalmin, sau biyu ina kashewa. Ba ni da wanda zan tambaya. Baba ba ya da waya, ba ya karatun boko balle in rubuta masa, maƙwabta kuwa abin da ya dame su shi ne warin kashin doki. Wata tsohuwa da ke sayar da koko a bakin layinmu ce kaɗai take tambayata, "Yaya mai jikin?" kamar mutum ne ke kwance a gidan.

Kullum bayan sallar asuba nake jansa zuwa bakin teku a Fidjrossè. Ba ma bin kwalta. Ta lungunan yashi muke bi, waɗanda muke kira von, mu ratsa ta gefen Gbégamey lokacin mata suna fara shimfiɗa kayan kasuwa. Tafiyar takan ci mana kusan awa biyu. A bakin teku sai in tsayar da shi inda igiyar ruwa take ƙarewa, ruwan ya zo ya rufe masa kofato ya koma. Masunta suna jan taru suna waƙa da harshensu, mu ɗaga wa juna hannu, iyakarta ke nan. Wata rana sai in dawo gida in lura tun safe ban yi magana da kowa ba sai doki.

A wata na uku na ga abin da ban taɓa gani ba a duk shekarun aikina, domin ban taɓa barin ƙafa babu ƙarfe har tsawon haka ba. Sabon kofato yana saukowa daga sama, santsi, babu tsaga, tsofaffin ramukan ƙusa suna gangarowa ƙasa ina goge su. Dunduniyar ta buɗe. Ɗingishin ya ragu har ya ɓace. A wata na bakwai na ɗaura masa sirdi. Akwai wani kututturen kwakwa da ya faɗi a bakin ruwan, kullum muna kewaye shi. Ran nan muna sassarfa sai na ji ya miƙe kunnuwa ya nufe shi, ni kuwa na sakar masa linzami. Ya tsallake, ya dira, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Na sauka da sauri na ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Na waiga ko akwai wanda ya gani, masuntan duk sun ba ni baya suna jan tarunsu.

Wadda ta fara gani wata mata ce mai kantin magani, 'yar kulob ɗin, da take zuwa bakin teku tafiyar motsa jiki ran Lahadi. A da ita ce take yawan hawansa. Ta gane shi tun daga nesa, ta zo ta rungume wuyansa. Da ta ga ƙafafun sai ta dube ni.

Ta ce, "Ina takalmansa?"

Na ce, "Suna gida a rataye, Madam."

Ta hau shi a ranar, ta sake hawa a Lahadin da ta biyo. Bayan wata biyu ta ce akwai gasa a kulob, kwana biyu, tana so ta shiga da shi a yadda yake. Patron ya ƙi da farko. Ta ce ya nuna mata inda aka rubuta cewa dole sai da takalmi, ya duba takardunsu bai samu ba. Maƙerin Lome ya zo ya ɗaga ƙafar, ya ƙwanƙwasa ta da guduma, ya ajiye, ya tafi.

Ranar Asabar a filin yashi aka yi. Na tsaya a bayan shinge wajen masu share barga, domin ni ba ɗan kulob ba ne kuma ba ma'aikaci ba. Dokin ya bi sandunan nan goma sha biyu bai taɓa ko ɗaya ba. Dirarsa ma ba ta da ƙara irin ta sauran. Aka yi tafi, mutane suka kewaye Madam. Na koma Zongo da yamma ina jin kamar in tare wani a hanya in ba shi labari, amma ranar an yi babban taron siyasa, unguwar duk ta tafi can.

Kafin wayewar garin Lahadi aka yi ruwa, gasar ranar kuma a filin ciyawa ce. Tun da na taka ciyawar na ji tana santsi. Maƙerin Lome yana ta ɗaura wa sauran dawaki 'yan ƙusoshi masu tsini a ƙarƙashin takalmi don su kama ƙasa, namu kuwa babu inda za a ɗaura. Na gaya wa Madam ta bi a hankali wajen kwana. Ya tsallake na farko har na huɗu. A kwanar da ke gaban na biyar ƙafafunsa na baya suka zame, ya kusa zama a ƙasa, ya miƙe da ƙyar. Da ya iso gaban sandan sai ya ƙi. Ta sake kawo shi ya sake ƙi. Ta ɗaga hannu ta fito da shi. Ba wanda ya ji ciwo, amma na ga yadda dokin yake taka ciyawar a tsorace, kuma na san da akwai ƙarfe mai tsini a ƙafarsa da bai zame ba.

Na ƙosa Baba ya zo in gaya masa duka biyun, cewa ya yi gaskiya a kan yashi, ni ma ina da tawa gaskiyar a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Har na shirya yadda zan faɗa masa don kada ya ce gardama nake yi. Lokacin zuwansa ya yi bai zo ba. Na je kasuwar shanu na tambayi mutanen garinsu, suka ce ai ya rasu tun kafin azumi, an yi kwana arba'in ma. Na tsaya a cikin shanun na yi masa addu'a, na dawo.

Daga baya Madam ta roƙe ni in bar dokin ya koma barga, ta ce bayan gida a Zongo ba wurin doki ba ne. Gaskiya ta faɗa. Muka yi sharaɗi cewa a kan yashi kaɗai zai riƙa tsalle, in an yi ruwa a bar shi ya huta, kuma ni zan riƙa zuwa ina gyara masa kofato duk bayan mako shida.

A zuwana na uku ina sunkuye ina aiki sai na ga inuwar mutum a kaina. Maƙerin Lome ne. Ya gaishe ni da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwa, sannan ya koma Faransanci. Ya ce akwai wata goɗiya da ƙusa ta daina zama a ƙafarta, ko zan zo in duba. Muka duba tare, muka cire mata. Da rana ta yi ya buɗe kwanonsa na shinkafa da kifi ya tura mini cokali. A nan na ji cewa iyalinsa suna can Lome, shi kaɗai yake kwana a wani ɗaki a bayan barga, kuma ban da gaisuwa ba ya magana da kowa a garin. Goɗiyar ba ta yi irin sa'ar nawa dokin ba. Tafin kofatonta siriri ne, wata biyar tana ɗingishi, dole muka mayar mata da takalmi a ƙafafun gaba. Shi ya riƙe ƙafar, ni na buga ƙusoshin.