Zuciyar Rago a Farantina

Mijina malami ne, yana koyar da ilimin halittu ga samari masu karatun injiniya. Wasu ranakun daga ɗakinmu na unguwar Adjamé Liberté yake koyarwa da Faransanci ta ordinater, wato kwamfuta, ɗaliban na gidajensu, kowa da ɗan kansa a gilashinta. Da yake ba su san komai ba sai inji, da yaren inji yake yi musu bayani: zuciya famfo ce, jijiyoyi tiyo, ƙoda matata. Ni da na bar lakkol, makarantar boko, da wuri, aikina in hana 'yarmu kuka, kada ta dame wa ilimi murya.

Wata safiya jikinta ya yi zafi, ta ƙi nono. Na gaya masa. Ya ce haƙori ne, bai ko ɗago kai ba. Sannan ya aike ni kasuwar Treichville in sayo zuciyar rago, wai mahautan Adjamé tsaga ta suke yi, shi kuwa cikakkiya yake so. Na goya yarinya, muka haye gada a tasin woro-woro, zafinta na ratsa rigata, don injiniyoyi su samu nama mai kyan gani.

Ya ɗora zuciyar a farantin aurena a gaban kyamara, yana juya ta a hankali kamar kada ta ji ciwo. Sai wani ɗalibi ya ce wannan famfon ai ya mutu, babu mai aiki a kusa?

Mijina ya juyo gare ni: "Madam, ara mini yarinyar."

"Ga ta, Malam. Sai dai haƙuri, ba daga Treichville aka sayo ta ba."

Ya kara wayarsa a ƙirjinta don su ji bugun, ɗaya hannun na tallafe da bayanta. Faransancin ya tsaya masa a baki. Ya taɓa goshinta, ya taɓa wuyanta. Daga gilashi wani na cewa injin nan gudunsa ya yi yawa.

Ya tambaye ni tun yaushe take haka. Na ce tun lokacin da abin yake haƙori.

Ya rufe ordinater ko sallama babu, ya hau neman takalmi. A asibiti aka ce zazzaɓin sauro ne, kuma mun zo da sauran lokaci. Shi ya riƙe ta har gida, ya ƙi ba ni.

Zuciyar ragon dai farfesu ta zama. Yanzu in yarinyar ta yi tari, sai in tambaye shi ko akwai darasin huhu a makon nan.